Yadda ake canza batirin agogon zamani a gida, a kuma mayar da murfinsa ya liƙu da kyau

Tun da zafin bazara ya kankama a Damagaram, tambayar da ta fi yawan zuwa mini daga masu karatu ita ce ta agogon zamani, wato irin wanda ake haɗawa da waya yana ƙirga taku da bugun zuciya. Wani ya ce nasa da yake kwana biyu da caji ɗaya yanzu ba ya kai la'asar, wani kuma ya ce gilashin nasa ya ɗago ta gefe har yana ganin haske yana fitowa ta tsagar da dare. Dukkansu abu ɗaya suke son sani, shi ne ko mutum zai iya canza batirin da hannunsa ba tare da ya aika da agogon Kano ko Yamai ba. Zai iya, matuƙar yana da haƙuri kuma hannunsa ba ya rawa. Sai dai ya kamata ya sani tun yanzu cewa cire tsohon batir da sa sabo shi ne mafi sauƙi a cikin aikin. Wajen buɗewa da wajen rufewa ake tafka asara, domin agogo a wuyan hannu yake zaune, inda gumi da ruwan alwala da ƙura suke samunsa kullum, kuma ƴar kafar da ido ba ya gani ta isa ta kashe shi cikin ƴan makonni. Saboda haka a kan waɗannan wurare biyu zan fi daɗewa.

Mataki na 1: Tabbatar da cewa laifin batir ne

Kafin ka kashe ko dala, ka duba bayan agogon. Idan irin wanda ake yi wa caji ta ƴan ƙananan ƙarafa biyu ko huɗu ne, sau da yawa gumi ne yake bushewa a kansu ya bar datti mai kore-kore, caja ta kasa kamawa sosai, mai agogo ya ɗauka batir ya mutu. Ka goge su da auduga da ɗan alkol, ka gwada wata caja da wani kan caja, sannan ka rage hasken fuska, ka kashe tsarin da yake barin fuskar a kunne kowane lokaci, ka ba shi kwana biyu ka gani. A agogon Apple akwai wurin duba lafiyar batir a cikin saituna, ƙarƙashin sashen batir, kuma idan adadin ya sauka ƙasa da kashi 80 cikin 100 lokacin canji ya yi. Kamfanin ya ce an ƙera batirin ne don ya riƙe kashi 80 bayan cikakken caji 1000, amma ya kuma ce zafin da ya dace da agogon daga digiri 0 ne zuwa 35. Mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce 40 ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, don haka kada ka yi mamaki idan naka ya tsufa da wuri.

Gargaɗi: idan gilashi ko murfin baya ya ɗago da kansa, batirin ya kumbura ke nan. Ka cire agogon daga hannunka nan take, kada ka ƙara sa shi a caji, kada kuma ka danna gilashin don ya koma mazauninsa.

Mataki na 2: San lambar agogonka da ta inda ake buɗe shi

Sunan agogo kaɗai ba ya isa a sayi batir, domin samfuri ɗaya yakan zo da girma biyu kuma batirinsu ya bambanta. Galaxy Watch4 na Samsung mai milimita 40, wanda lambarsa SM-R860, batirinsa mAh 247 ne (mAh ma'aunin yawan cajin da batir yake ɗauka ne), mai milimita 44 kuwa, SM-R870, nasa mAh 361 ne, kuma ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Lambar tana rubuce a bayan agogon ko a cikin saituna. Ta Apple tana farawa da harafin A sannan lambobi huɗu. Ka rubuta ta a takarda.

Ta fuskar buɗewa, agogunan da ke hannun mutane a nan kashi uku ne. Akwai masu notuna a baya, kamar na Samsung, waɗanda zoben roba ne yake tare musu ruwa. Akwai waɗanda ba a buɗe su sai ta gilashi, kamar na Apple, da aka liƙe da siririn gam mai fuska biyu. Sai kuma masu araha da suka cika kasuwa, waɗanda murfin bayansu na roba ne, an danna shi ne kawai ko an ɗan shafa masa gam, kuma batirinsu da dalma aka liƙa wayoyinsa. Bayan ka gane naka, ka nemi bidiyon da ake buɗe daidai wannan lambar a YouTube, ka kalle shi sau biyu, ba don komai ba sai don ka ga ta wane gefe siraran wayoyin ciki suka bi. Wannan sani shi ne zai hana ka tsinka su.

Mataki na 3: Sayen batir da lissafin kuɗi

Abubuwa huɗu ne za su ci maka kuɗi: batirin kansa, abin liƙi, kayan aiki, da kuɗin aike idan ba a samu a gari ba. Ka fara da masu gyaran waya da masu sayar da kayanta na nan Damagaram, domin gam da sukudireba da alkol ba su da wuyar samu. Batirin Apple da Samsung ne yakan sa a yi saƙo zuwa Kano, inda kasuwar waya ta Farm Centre take, ko zuwa Yamai, kuma idan daga Kano ne ka tuna da naira za a yi ciniki, ka tambayi canjin ranar kafin ka ba ɗan aike sefa. Mai saye ta intanet daga Sin ya shirya jira mai tsawo, saboda akwai ƙa'idoji masu tsauri a kan ɗaukar batirin litiyam a jirgin sama. Shawarata ita ce ka tara kuɗin duka huɗun a takarda. Idan jimillar ta haura rabin kuɗin sabon agogo irinsa, aikin bai cancanci wahalarsa ba, kuma yawancin masu araha na jaka kaɗan a nan suke faɗawa, sai fa idan kana da kayan aikin tun da ko kana son koyon hannu.

Wajen zaɓen batir ka dubi abu uku. Na farko ƙarfin wutarsa, wanda aka rubuta a jikinsa, kamar 3.7V ko 3.8V ko 3.85V, kuma dole sabon ya zo daidai da tsohon. Na biyu bakin da yake shiga inji, wato ɗan allon cikin agogon da ke sarrafa komai, ko yawan wayoyinsa idan na dalma ne, domin wani biyu gare shi, ja da baƙa, wani kuma yana da ta uku mai auna zafi. Na uku girmansa. Batiran masu araha sukan zo da lamba shida, kamar 402025, wadda take nufin kauri milimita 4.0, faɗi 20, tsawo 25. Ana iya sa wanda ya ɗan gaza tsohon, amma kada a kuskura a sa wanda ya fi shi kauri ko da da rabin milimita ne, don murfin ba zai zauna ba, kuma batir yana buƙatar ɗan sarari saboda yakan ɗan ƙara kauri idan ya yi aiki.

Gargaɗi: batir yana tsufa ko ba a taɓa amfani da shi ba, balle wanda ya yi bazara biyu a shagon kwano. Ka duba ranar ƙira a jikinsa, ka roƙi mai shago ya auna maka shi da mita a gabanka. Lafiyayye yakan nuna tsakanin 3.6 da 3.9. Idan ya nuna ƙasa da 3.0, ko ka ji cikinsa ya yi taushi ko ya ɗan tasa, ka bar masa kayansa. Haka kuma kada rubutun mAh mai yawa ya ruɗe ka, domin batir mai girma ɗaya da na asali ba zai ninka shi ƙarfi ba.

Mataki na 4: Kayan aiki

Kana buƙatar sukudireba, wadda a nan muke ce wa turnabis, mai baki uku lamba Y000, da mai bakin kuros lamba 00 ko 000. Sai hantsaki mai siririn baki, da tsinken roba na ɗaga wayoyi, da katunan roba biyu ko uku. Katin da ake ɓalle layin waya daga jikinsa yana yin wannan aiki sosai idan aka yanka shi gida uku aka ɗan goge bakinsa ya yi siriri. Mai agogon Apple zai ƙara da siririyar reza ko wuƙar masu gyara mai lanƙwasa. Sai alkol mai ƙarfin 90 ko sama da haka, wanda masu gyara suke wanke inji da shi. Mai lamba 70 na kantin magani bai dace ba, saboda kusan kashi ɗaya cikin uku nasa ruwa ne kuma yana jinkirin bushewa. Na liƙi kuwa, ko dai zoben gam da aka yanka daidai da samfurin agogonka, wanda shi ya fi, ko gam na ruwa B-7000 ko T-7000, kuma ƙaramin bututu mai mililita 15 ya ishe ka har ya yi saura da yawa. Mai zoben roba ya nemi man silikon kaɗan. A ƙarshe ka tanadi kwanon ƙarfe cike da busasshen rairayi, da tabarau ko da na karatu ne don kare ido, da robobin ɗaure kuɗi guda huɗu ko biyar.

Mataki na 5: Shirya wuri da agogon

Ka bar agogon ya cinye cajinsa har ya sauka ƙasa da kashi 25, domin batirin da ke cike shi ya fi saurin kamawa da wuta idan aka huda shi bisa kuskure. Sannan ka kashe shi gaba ɗaya, ka cire madaurinsa, ka goge jikinsa da alkol, musamman tsagar da ke tsakanin murfi da gangar jiki, inda datti yake taruwa. Duk abin da ka bari a nan ciki zai faɗa da zarar ka buɗe.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, a ɗaki mai haske, ƙofa a rufe, fanka a kashe. Ka yayyafa ruwa a ƙasa ƙura ta kwanta, ka shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ka sa faranti a gefe. Idan lokacin hunturu ne ka ƙara kula, don ban da ƙurar da ke shawagi, bushewar iska tana sa jikin mutum ya tara irin wutar nan da ke ɗan tartsatsi idan an taɓa ƙarfe, kuma ita kaɗai tana iya lalata inji. Ka taɓa ƙofar ƙarfe ko ƙarfen taga kafin ka fara da kuma duk lokacin da ka tashi ka dawo. Ka zana hoton bayan agogon a takarda, duk notin da ka cire ka ajiye shi a gurbinsa a kan zanen, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma dogon noti a gurbin gajere yana huda abin da ke ƙarƙashinsa. Yara su yi nisa da ɗakin har a gama.

Mataki na 6: Buɗewa

Mai notuna a baya. Ka dasa sukudireba a tsaye cak, ka danna ta sosai kafin ka murɗa. Notunan ƙanana ne kuma kansu yana da saurin cinyewa, in kuwa kai ɗaya ya cinye, aikin ya koma na mai gyara. Idan ka ji bakin yana zamewa ka tsaya, wataƙila datti ne ya cika ramin, ka ƙwaƙule shi da allura ka sake gwadawa. Bayan notunan sun fita, ka sa bakin kati a tsagar ka ɗan murɗa shi har murfin ya saki.

Gargaɗi: kada ka ɗaga murfin kamar na tukunya. A ƙarƙashinsa akwai siririyar waya mai faɗi, wadda masu gyara suke kira fileks, da ta haɗa na'urar auna bugun zuciya da inji, kuma tsawonta bai kai gaɓar yatsa ba. Agogon farko da na taɓa buɗewa na ƙanena ne, kuma a nan na yi masa ɓarna. Murfin ya saki da wata ƴar ƙara, na ji daɗi na ɗaga shi gaba ɗaya, sai na ga wani ɗan zare mai ruwan zuma yana reto a jikinsa. Batirin ya shiga lafiya, agogon ya kama, amma koren hasken nan na baya bai sake kunnuwa ba har yau. Ka ɗaga murfin kaɗan kawai, ka leƙa da tocila, ka sa tsinken roba a ƙarƙashin bakin fileks ɗin ka ɓalle shi sama, sannan ka ajiye murfin gefe.

Mai buɗewa ta gilashi. Wannan ya fi kowanne wuya, kuma gilashin ya fi batirin tsada nesa ba kusa ba, don haka wanda bai taɓa buɗe ko waya ba gara ya kai wa mai gyara ya tsaya a kansa. Wanda ya ƙudura yi da kansa zai fara da ɗumama fuskar don gam ya yi laushi. Na'urar busar da gashi ta masu kitso tana yi, daga nesa kamar taƙi ɗaya, minti ɗaya zuwa biyu. Idan babu wuta, a ƙulle shinkafa a tsumma mai tsabta, a ɗora a kan murfin tukunya mai zafi har ta ɗauki ɗumi, a aza a fuskar agogon. Ma'aunin shi ne zafin da yatsa zai iya jurewa. Kada a kai shi kusa da garwashi, kada a ɗora masa dutsen guga, kada kuma a shanya shi a rana a kan kwano. Idan batirin ya riga ya kumbura, a bar ɗumamawar gaba ɗaya, ai ya ma riga ya ɗaga maka gilashin, ɗigon alkol a tsagar ya isa.

Sai ka dasa bakin reza a tsagar da ke tsakanin gilashi da ƙarfe, ka danna ƙasa, ka ɗan karkata ta har wata ƴar kafa ta buɗe. Kada bakin ya shiga fiye da milimita 1 zuwa 2. Da kafar ta samu ka cire rezar ka sa kati, da shi za ka zagaye sauran gefunan a hankali, kana sake ɗumamawa duk inda ka ji ya ƙi. A agogunan Apple daga na farko har Series 5 akwai wani siririn zobe a ƙarƙashin gilashin mai jin ƙarfin danni, kuma yana da saurin rabewa gida biyu. Ka tabbata katin yana bi ta samansa, in kuwa ya yage sai an sa sabo, shi ya sa ya kyautu a saye shi tare da batir. Gilashin ma yana da nasa fileks, saboda haka ka buɗe shi kamar littafin da ake leƙawa, ka tokare shi da wani abu don kada ya faɗi baya ya ja wayoyin.

Mai murfin dannawa. Ka nemi ɗan gurbin da aka bari a gefen murfin, ka sa kati ka zagaya. Robar tana da ƴan haƙora a ciki masu saurin karyewa, don haka kada ka yi da ƙarfi. A nan ma akwai wayoyin caji da na jijjiga a manne da murfin.

Mataki na 7: Cire tsohon batir

Kafin ka taɓa komai ka ɗauki hoton cikin da wayarka, daga sama da kuma ta gefe. Abu na farko da za a raba da inji shi ne batir. Idan mai baki ne, ka cire ɗan ƙarfen da ya rufe bakin in akwai, ka ɓalle bakin sama da tsinken roba, ba da hantsakin ƙarfe ba, domin ƙarfe yana iya haɗa ƙafafu biyu wuta ta yi tsalle. A wasu agogunan Samsung batirin yana ƙarƙashin inji, sai an kwance noti an ɗaga injin kafin a kai gare shi.

Batirin yana manne da gam a ƙasansa. Ka ɗiga alkol ɗigo biyu ko uku a gefensa, ka jira minti biyu ya ratsa, sannan ka zura kati a ƙarƙashinsa ka riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan. Idan ya ƙi, ka ƙara alkol ka ƙara jira.

Gargaɗi: fatar batirin ba ta fi ledar alewa kauri ba sosai. Kada ka lanƙwasa shi, kada ka sa reza ko allura ko bakin sukudireba a jikinsa. Idan ka ji wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na man goge farce, ko ka ga hayaƙi, ko ya fara zafi, ka tura shi cikin kwanon rairayi ka rufe shi da rairayin, ka fitar da kwanon tsakar gida, ka buɗe tagogi, kada ka shaƙi hayaƙin.

Idan na dalma ne, ka narke wayar baƙa tukuna ka naɗe bakinta da salatif, sannan ka cire ja. Kada ka yanke wayoyin biyu tare da almakashi, don ƙarfen almakashin zai haɗa su.

Mataki na 8: Sa sabo da gwaji kafin rufewa

Ka kankare ragowar tsohon gam daga gurbin, ka bari alkol ya bushe sarai. Ka fara ajiye sabon batirin ba tare da gam ba don ka ga yadda zai zauna da inda wayarsa za ta bi, sannan ka sa ɗan gam mai fuska biyu a ƙasansa ka danna shi da tafin yatsa a hankali. Bakin batir yana shiga ne da ƴar ƙara idan ya daidaita. In bai shiga ba kada ka tilasta masa, ka ɗaga ka sake saitawa, domin ƙafafunsa sun fi gashi kauri da kaɗan ne kawai. Mai dalma ya liƙa ja a inda alamar + take, baƙa a inda alamar − take, ɗaya bayan ɗaya, kuma kada ƙarfen dalma ya wuce daƙiƙa biyu zuwa uku a wuri ɗaya. Juya wayoyin nan biyu yana ƙona inji nan take, shi ya sa hoton da ka ɗauka yake da amfani.

Yanzu ka mayar da fileks ɗin murfi ko na gilashi, ka aza murfin ba tare da liƙi ba, ka kunna agogon. Ka gwada taɓa kowane lungu na fuskar, da maɓallai, da jijjiga, da lasifika, da hasken bugun zuciya, sannan ka ɗora shi a caja minti biyar ka ga adadin yana hawa. Mutane da yawa suna tsallake wannan gwaji saboda ɗoki, sai bayan gam ya bushe su tarar fileks ɗaya bai zauna ba. Idan komai ya yi, ka sake kashe agogon.

Mataki na 9: Share mazaunin murfi

Ingancin rufewa daga nan yake farawa, kuma a ganina wannan mataki ya cancanci ya ci lokaci fiye da sa batirin kansa. Sabon gam ba ya kama tsohon gam, ba ya kama maiƙo, ba ya kama ƙura. Ka naɗa ɗan ƙyalle marar gashi a bakin tsinken roba, ka jiƙa shi da alkol, ka bi ɗan siririn dakalin da gilashi ko murfi yake zama a kai, ka murje duk wani baƙin gam har ƙarfen ya fito fes. Haka za ka yi wa gefen gilashin ta ciki. Ka haska tocila a karkace, domin da hasken gefe ne ake ganin ragowar da ta maƙale a kusurwa. Bayan ka gama kada yatsanka ya sake taɓa wurin.

Mai zoben roba ya ciro zoben da tsinke, ya duba shi a haske. Idan ya tsage, ko ya baje, ko ya saki har ya fi gurbinsa girma, sai sabo. Idan lafiyarsa ƙalau, a goge shi, a share kwarmin da yake kwanciya a ciki. Ƙwayar rairayi ɗaya tak a ƙarƙashin zoben nan ta isa ta buɗe wa gumi hanya, kuma a garinmu rairayi ba ya neman izini kafin ya shiga ɗaki.

Mataki na 10: Liƙewa

Mai zoben roba ya shafa wa zoben man silikon kaɗan, iya abin da zai sa shi sheƙi, ya kwantar da shi a kwarminsa ba tare da ya murɗe ba. Kada a sa basilin ko man inji ko man kaɗanya, saboda irin waɗannan mayuka suna kumbura wasu robobin su lalata su, kuma suna kama ƙura. A aza murfin a miƙe, a sa notunan duka a ɗan kama su, sannan a ɗaure su a gicciye, wato na sama ta dama, sai na ƙasa ta hagu, sai sauran biyun, a zagaya sau biyu. Ɗaure gefe ɗaya tamau kafin ɗayan yana tura zoben ya fita daga gurbinsa. Da noti ya tsaya a bar shi haka.

Mai zoben gam da aka yanka ya ɓare takardar gefe ɗaya, ya ɗora shi da hantsaki yana farawa daga kusurwa ɗaya, ya bi shi da tsinke yana dannawa har ya zagaye. Idan gilashin yana haɗe da wayoyinsa, sai an zura shi ta cikin zoben a hankali, ko a cire fileks ɗin gilashin a mayar bayan an ɗora zoben. Sai a ɓare takardar sama a ƙarshe, a saita gilashin sau ɗaya a danna. Irin wannan gam ba ya son a ɗaga a sake.

Mai gam na ruwa ya fara gwada hannunsa a kan takarda har ya iya fitar da layi siriri kamar zaren ɗinki. Sai ya zagaye dakalin da layi ɗaya marar yankewa, ya kula da kusurwoyi, ya jira minti biyu zuwa uku gam ɗin ya ɗan yi danƙo, sannan ya rufe. Yawan gam ba ya ƙara ƙarfi, cikin agogon yake malalowa ya toshe maɓalli ko ya hau inji. Abin da ya fito waje a bar shi ya ɗan bushe, ana murza shi da yatsa zai naɗe ya fita.

Gargaɗi: kada ka kusanci gam mai kamawa nan take, wanda ake kira sufa gulu. Idan ya bushe tauri yake yi kamar ƙanƙara, ya tsage da zarar agogo ya bugu ko ƙarfe ya buɗa da zafi, kuma tururinsa yana barin farin hazo a cikin gilashi da kan idon na'urar bugun zuciya wanda ba ya gogewa. An taɓa kawo mini wani da aka liƙe da shi, fuskar ta yi fari ta gefuna kamar an barbaɗa gari, kuma da aka zo sake buɗewa sai da gilashin ya fashe. Haka nan ka lura da ƴan ramukan da ke gefen agogo, na makirfo da lasifika da na auna iska. A bayansu akwai siririn tace mai hana ruwa shiga, saboda haka kada gam ya taɓa su, kada kuma a zura musu allura da sunan share datti.

Mataki na 11: Matsewa da jira

Wanda aka liƙe da gam yana buƙatar matsi mai daidaito. Ka sa ɗan ƙyalle a fuskar, ka naɗe agogon da robobin ɗaure kuɗi, biyu a tsaye biyu a kwance, yadda kowane gefe zai samu rabonsa. Kada ka ɗora masa dutse ko ka matse shi da filaya. Zoben gam yana kamawa cikin ƴan awoyi, B-7000 da T-7000 kuwa suna son awa 24 kafin a taɓa su, kuma sai bayan awa 48 suke kai cikakken ƙarfinsu. Ka ajiye shi a inuwa cikin kwano mai murfi, kada ka sa shi a caji a wannan lokaci, don zafin caji yana motsa gam ɗin da bai gama kamawa ba.

Bayan ka kwance robobin, ka zagaye tsagar da tocila, ka gwada zura bakin siririyar takarda a kowane gefe. Idan ta shiga ko'ina, ko ka ga gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, sai an sake buɗewa an share an liƙa. Kada ka gwada aikinka ta hanyar tsoma agogon a kofin ruwa.

Mataki na 12: Cajin farko, ruwa, da tsohon batir

Ka caja shi har 100, ka bar shi a kan caja kamar awa biyu bayan haka, ka yi amfani da shi har ya mutu da kansa, sannan ka sake cika shi ba tare da yankewa ba. Wannan yana sa agogon ya koyi ƙarfin sabon batirin ya riƙa nuna adadi na gaskiya. A kwanaki ukun farko ka riƙa taɓa shi lokacin caji. Ɗan ɗumi ba komai ba ne, amma zafin da ke ƙona yatsa alama ce ta a cire shi a sake dubawa. Daga nan gaba ka riƙa yi masa caji a wuri mafi sanyi a gidan, ba a bakin taga ko cikin mota ba.

Game da ruwa, rubutun 5 ATM ko IP68 ko mita 50 da ke bayan agogon yana magana ne a kan yadda ya fito daga masana'anta, inda aka matse shi da inji aka gwada shi da na'urar matsin iska. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa juriyar ruwa ba abu ne mai dawwama ba, tana raguwa da tsufan agogo. Liƙin gida, komai kyansa, gumi da yayyafi da ƙura zai tare. Saboda haka ka mayar da cire agogo kafin alwala da wanka da wanki al'adarka, ka sa shi a aljihu idan ruwan Agusta ya tare ka a hanya, ka kuma goge bayansa da busasshen ƙyalle kowane dare a lokacin zafi. Idan wata rana ka ga hazo a cikin gilashin, ka kashe shi nan take ka buɗe shi ya bushe, kada ka jira ya mutu.

Tsohon batirin kuwa ka naɗe bakinsa ko wayoyinsa da salatif, kowace daban, ka sa shi a gwangwani mai rairayi, ka ajiye inda yara da awaki ba sa kaiwa. Kada ka jefa shi a bola, domin bolarmu ƙona ta ake yi, kuma batirin litiyam yana fashewa a cikin wuta. Ka kai wa mai gyaran waya da ka sani yana tara matattun batira, ka gaya masa a kumbure yake idan a kumbure yake.